Zane Biyar a Ƙarfen Hagu

Yaya Mato ba ya nan. Yau kwana tara. A kujerarsa nake zaune, ramin da jikinsa ya yi a soson bai ma cike ba, katafilar da ya tuƙa shekara goma sha ɗaya kuma ta ƙi ni.

Hagu. Hagu take ja, Yaya...

Ina ƙasan tafkin da muke haƙa wa mutanen Gangara. Zurfinsa ya fi tsayin mutum huɗu, mafita ɗaya ce, hawan nan da ka sara da kanka. Sau uku ina hawa. Sau uku tana kai rabi sai ta karkace hagu, sarƙar ƙafarta ta leƙa bakin hawan, ƙasa ta fara zubewa, in dawo da baya. Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. In ruwan nan ya sauko, duk koramun dajin nan a cikin ramin nan za su juye. To don me muka haƙa shi? Mu muka nuna wa ruwa hanya. In injin ya sha laka shi ke nan, abin da ke ciyar da gida biyu ya tafi, nawa da naka, matarka Kaltuma da 'ya'yanka huɗu.

Ɗanmalam, wakilin mai gari, yana can sama iska na kaɗa rigarsa.

"Falalu! Hadari fa! Ko mu nemo shanu su jawo ta?"

Shanu... Da kai ne da ka yi dariya har ka yi tari. Na ɗaga masa hannu kawai.

Ni bakanike ne, ba direba ba. Kai a sama, ni a kwance a ƙasa, haka muka raba tun farko. "Kai ka san cikinta, ni na san halinta," haka kake ce mini. To ga cikinta, na bi shi tun azahar. Sarƙa — na ɗora sanda na auna sakinta, hagu da dama daidai suke. Rairayi a cikin ƙananan tayoyi — na ƙwaƙule da hannuna har farce ya tsage. Burki? Na taɓa, ba zafi, ba ya riƙewa. Mai yana nan. To mene ne? Sanda biyu ne a gaban mai tuƙi, ka ja ta hagu ta yi hagu, ka ja ta dama ta yi dama, ko ɗan koyo ya san wannan. Ban taɓa ta hagu ba, amma tana yi kamar akwai mai ja...

Ranar da abin ya faru, koko kake sha. Kofin ya suɓuce. Kaltuma ta ce ka dube ta, bakinka ya koma gefe ɗaya, ka so magana ba ta fito ba. Ba mu kai asibitin Tanut ba — a hanya ka cika, kanka a cinyata, mai mota yana ta salati. Hawan jini, aka ce. Farat ɗaya, aka ce. Duk wanda ya zo gaisuwa haka nake maimaita masa, farat ɗaya, lafiyarsa ƙalau.

Saura farantin ƙarfen nan na ƙarƙashin ƙafar mai tuƙi. Shi kaɗai ban buɗe ba.

"Kar ka taɓa nan, na riga na gyara." Haka ka ce mini, watan azumi ne, a Belbeji. Kai da ko a kile, abin kwance noti, ba ka san lamba sha tara da sha bakwai ba, kai ne ka gyara? Na ji haushi, Yaya. Na ce wato ka raina aikina. Mako guda gaisuwa kawai ke haɗa mu, na kuwa rantse ba zan ƙara leƙa wurin ba sai ka roƙe ni. Ba ka roƙa ba.

Noti huɗu. Na ƙarshen ya cije... ya zo.

Robar tayar keke. An naɗe ta a gindin sandar hagu, an ɗaure a jikin ƙarfe, tana jan sandar baya, tana taya mai ja. Ƙullin naka ne, irin wanda kake yi wa bakin buhu. Dogon ƙarfen da ya tafi daga sandar zuwa ciki kuma an gajarta shi, haƙoransa sababbi suna ƙyalli. Shi ya sa. An matse shi har iska ma in ta taɓa sandar sai ɓangaren hagu ya saki. A fili ba ya nunawa, sai a hawa, in nauyi ya zauna mata.

Me zai sa ka mayar da sanda ta yi laushi haka? Kai da kake ɗaga ganga...

Hannunka.

Da dama ake ci. Da dama ake gaisawa, da dama ake miƙa wa mutum abu. Wa ke duba hannun hagun mutum? Kullum yana cikin aljihu, na ce sabon yanga ne. Buta ta faɗi a Tenhiya, ka ce santsi. In kana hawan nan kana ta ɗan taɓa sandar dama, taɓa, saki, taɓa, saki, ina ƙasa ina ihu, "Yaya, kalangu kake kaɗawa?" Kana murmushi. Ashe gyara mata hanya kake, da hannu ɗaya.

Ga zane a jikin ƙarfen, da ƙusa aka yi. Ɗaya, biyu... biyar. Duk juyin notin da ka ƙara don matse shi sai ka ja layi. Na farkon har ya yi tsatsa, na biyar fari tas. Sau biyar hannun yana ƙara mutuwa, ni ina kwance a ƙarƙashinka ina fushi. Don wa ka ja layukan? Kai ba ka bukatarsu. Ka san wata rana wani zai so mayar da ita yadda take, ka kuma san wanene.

Da ka faɗa, da na ƙwace tuƙin. Ka san haka. Da na kai ka asibitin Damagaram ko da ɗaure. Da na buɗe farantin nan tun azumi, noti huɗu kawai, Yaya, noti huɗu...

"Falalu! An fara yayyafi!"

Na ji. Ya ɗiga a bayan wuyana.

Juyi biyar baya, in yanke robar, ta miƙe ta fita. Aikin minti goma. Kile na kan noti. In na juya, ba sauran wurin da hannunka yake a duniya. In ban juya ba, Kaltuma...

Hannuna ya ƙi. Lafiyarsa ƙalau, amma ya ƙi.

Ya Allah, Ka jiƙan Mato, Ka mayar masa da hannunsa a inda yake, Ka yafe wa ƙaninsa da bai duba ba. Ka riƙe ruwan nan minti goma. Duk wanda ya ji ni, don Allah ya ce amin.