Mai Leƙen Wutar Inna

Tun da aka kafa wa Inna sola a kan rufi na zama 'yar sa-ido. Ina can garin da nake aiki, amma wayata tana nuna min wutar gidanta. Da safe in layin da ke nuna ƙarfin wutar ya yi tsalle, na san ta jona butar shayi. In ya kwanta luf, to firjin allurar sugarta ne kaɗai ke aiki.

Ran nan ina latse-latsena sai na ga wai waya biyu ke kallon gidan. Biyu? Ni da wa?

Na kira mai gyaran da ya haɗa mana.

"Anti, kin canza lambar sirrin da ta zo da na'urar?"

"Au, dama ana canzawa?"

Ya yi salati. "A jikin akwatin fa take manne! Duk wanda ya taɓa ganinta zai san sanda tsohuwa ke gida da sanda ta fita. In ya ga dama, daga inda yake sai ya kashe mata firji."

Na tsorata, amma wallahi son sani ya fi tsoron yawa. Mai gyara ya bincika, ya ce mutumin bai taɓa latsa komai ba. Kullum da safe zai shigo, ya jira butar shayi ta hau, ya fice. Wane irin ɓarawo ne wannan?

Na so in bar shi in ga gudun ruwansa, amma allurar Inna ba abin wasa ba ce. Na canza lambar, na karanta wa Inna har ta haddace.

Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Autanmu ne. Shi ya riƙe tsani ranar da aka kafa solar, kafin rigimar shagon Baba ta sa ya yi fushi ya daina taka gidan, ko gaisuwa babu.

"Yaya, me ya sami Inna? Wutarta ta ɓace min!"

"Iye! Ashe kai ne ɓarawon?"

"Don Allah, lafiyarta?"

Haushi ya kama ni, tausayi kuma ya fi shi.

"Lafiyarta lau, tana can tana kurɓar shayinta."

Ya yi ajiyar zuciya. "To ba ni sabuwar lambar."

"Tana wurin Inna," na ce. "Ai ka san gidan."