Jakar Zagayen Maulidi

Duk uwar da ta taɓa kai yara zagayen Maulidi a Maiduguri ta san ba a fita hannu rabbana. Ni Fanna, jakata baƙa ce mai zif, kuma har yau zan iya faɗin abin da na zuba a cikinta shekarar da 'yata Ammatullahi ta cika shekara huɗu. Fiya wata shida da na daskarar a firjin maƙwabciyata Phebe. Gorar zoɓo. Dabino da biskit. Jiƙaƙƙen tsumma na goge fuska. Wando biyu, don ƙaramin yaro ba ya sanarwa kafin ya yi. Zani na biyu saboda Khairat da nake goye da ita. Sai hijabin canji guda ɗaya, fari tas, na guga.

Yaran Islamiyyarsu a Gomari duk shiga ɗaya suke yi ranar zagaye, koriyar riga da farin hijabi. In sun jeru su ɗari biyu, uwa ma sai ta ruɗe. Shi ya sa kowace mace take yi wa nata alama. Phebe tela ce, Maman Zion muke ce mata. Ita ta ɗinka wa Ammatu jan ƙyalle a tsakar kan hijabinta, sannan ta juya gefen ciki ta zana lambar wayar mijina Ba'ana da baƙin zare.

Ta ce, "Ya Fanna, ko a Legas yarinyar nan ta faɗo, sai an bugo wa Ba'ana."

Na ce, "Bakinki ya sari ɗanyen kashi, Maman Zion."

Muka yi dariya. Hijabi ɗaya kawai na kai mata. Na canjin bai zo mini a rai ba.

Ranar zagaye gari ya cika. Motoci ɗauke da lasifika, masu mandiri, tutoci, mutane na watsa alawa daga ƙofar shaguna. Yara na tafe a layi suna waƙe, mu iyaye muna bin gefen titi. Idona na kan jan ƙyallen nan, yana sama yana ƙasa kamar kan ƙadangare. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya rana ta yi zafi, Ammatu ta fito daga layi ta ce ƙishi take ji. Na miƙa mata gorar zoɓo. Wani ya ture ta, zoɓon ya wanke mata gaban hijabi.

Ta fashe da kuka. "Mama, Malama za ta ce ni ƙazama ce."

Na ce, "Yi shiru, uwarki ba ta fita hannu rabbana."

Na cire mai zoɓon na cusa a jaka, na saka mata na canjin, na goge mata fuska. Siddiƙa, wata 'yar layinmu, tana tsaye kusa da ni ta ce, "Kai Fanna, wannan jaka ce ko kasuwa? In na ce ki ba ni katifa, za ki zaro." Na ji daɗin maganar. Allah ya sani na ji daɗi. Ammatu ta koma layi da gudu, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ba a fi minti biyar ba tayar wata babbar mota ta fashe. Mu mutanen garin nan in muka ji ƙara irin wannan ba ma tsayawa tambaya, ƙafa ce take fara ji kafin kunne. Kowa ya watse. Aka ture ni na faɗi a kan gwiwa, na dafe Khairat a bayana. Da ƙura ta lafa sai na ji ana cewa, "Taya ce, jama'a, taya ce!" Har wasu sun fara dariya. Titi duk takalman yara. Malamai suka tattara su suna ƙirgawa, ana tsamo wannan daga shago, wancan daga bayan kwata. Kowa ya samu nasa. Ni ina ta zagaye ina neman jan ƙyalle.

Ba'ana ya iso da kekensa mai ƙafa uku na haya, zufa na zuba. Ya riƙe kafaɗata ya ce, "Kwantar da hankalinki. Ai lambata na jikinta. Duk wanda ya tsince ta zai kira."

A nan na tuna. Jakar tana ƙarƙashin hammatata. Na buɗe baki in faɗa masa, sai na ga yadda ya ɗaga wayar yana kallonta da hannu biyu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Eh."

Babu inda ba mu je ba. Gidan Bulama, mai unguwarmu. Ofishin 'yan sanda, asibitoci, gidan rediyo. An yi sanarwa a masallatai, Pindar mijin Phebe ya kai cigiya cocinsu. A kowace sanarwa Ba'ana cewa yake yi, "Farin hijabi mai jan ƙyalle, da lambar waya a ciki." Ina tsaye a gefensa ina ji. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, kuma kowace gobe ta fi jiya nauyi. Jakar na tura ta ƙasan akwatin kayana na ɗora zannuwa a kai.

Shekara huɗu ke nan. Ba'ana bai taɓa kashe wayar nan ba. Gilashinta ya tsage, ya ƙi canza ta. In babu wuta, sai ya kai ta caji ya zauna a bakin shagon har ta cika. Ko yana tuƙi, ko yana cin abinci, bugu ɗaya yake ɗauka. Wani lokaci ɓatan lamba ne, mutum na neman mai gyaran famfo. Sai ya ce, "Ba komai, ɗan'uwa. Ba ka dai ga wata yarinya ba ko?"

Bana Khairat ta cika biyar. Ta dawo daga Islamiyya da koriyar riga da farin hijabi a leda, tana tsalle. Na ce ba inda za ta. Ta yi kuka kwana biyu. Ana gobe zagaye, bayan la'asar, Ba'ana yana zaune a tabarma a tsakar gida ya kira ni.

Ya ce, "Fanna, yarinyar nan za ta je. Ba za mu rasa ɗaya a titi, mu kulle ɗaya a ɗaki ba. Ni zan riƙe ta da kaina. Ki kai wa Maman Zion hijabin ta ɗinka lamba, kamar na yayarta. Dabara ce mai kyau. Kuma ki ɗauko baƙar jakar nan ki shirya ta yadda kika saba, har da na canji."

Har da na canji. Na kalli Khairat tana gwada hijabinta a gaban tagar ɗaki. A raina na ga zoɓo, na ga wata uwa ko wata malama tana cire mata shi saboda tausayi. Na tashi na shiga ɗaki, na ɗaga zannuwan, na kawo jakar na ajiye a gabansa. Zif ɗin ya yi tsatsa, da ƙyar ya buɗe. Dabinon ya bushe ya zama kamar tsakuwa. Na zaro hijabin. Zoɓon ya koma baƙi-baƙi, amma jan ƙyallen yana nan.

Na ce, "Baban Ammatu, ba ta tafi da shi ba. Zoɓo ya zuba mata, na canza mata. Tun ranar yake nan."

Ya karɓa. Ya juya gefen ciki, ya bi lambar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa na motsi. Ya daɗe. Sannan ya zaro wayar daga aljihu ya ajiye ta a kan tabarma kusa da hijabin.

Ya ce, "To ni wa nake jira?"

Na so ya zage ni, ko ya ce in tafi gidanmu a Abbaganaram. Bai yi ba. Ya rufe fuskarsa da hijabin, kafaɗunsa na rawa, Khairat ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonmu.

Da ya ɗago bai kalle ni ba. Ya ce, "Kira mini Maman Zion. Ta zo da lalle."

Phebe ta shigo da lallen a 'yar leda. Ta ga abin da ke hannunsa, ta gane ɗinkinta, ta ce, "Wayyo Allah, Ya Fanna." Ba'ana ya ɗora Khairat a cinyarsa ya naɗe mata hannun riga.

Ya ce, "A nan za ki rubuta. A fata. Ki yi da girma."

Khairat ta ce, "Baba, ni fulawa nake so."

Phebe ta share hanci da bakin zaninta ta ce, "Za ki samu fulawarki, amarya. Bari mu gama da lissafin babanki tukuna."

Ta rubuta lambar daga gwiwar hannu har wuyan hannu, ta ƙara ƙaramar fulawa a ƙarshe. Ba'ana ya riƙe hannun a sama har lallen ya bushe.

Washegari na shirya jakar. Ruwa, dabino, tsumma, wando biyu. Zoɓo ban saka ba. Ba'ana ya naɗe tsohon hijabin ya sa a cikin rigarsa, tun jiya kuma bai ce mini komai ba sai abin da ya zama dole. Ya ɗauki Khairat a kafaɗa, ni ina biye da jaka. Mun kusa bakin titi, har muna jin mandiri, sai wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Ya tsaya. Ta buga sau ɗaya, ta buga sau biyu. A na uku ya sauke Khairat, ya damƙa mini hannunta mai lalle, ya ɗauka.