Makon Hutu a Ɗakin Wankin Ƙoda

Nas na cikin soka masa allura ta biyu Direba ya ɗaga kai ya dubi talabijin ɗin bango, ya ja tsaki.

"Yau ma mutanen sama? Makon hutu guda, tashar nan ta rasa abin nuna wa jama'a sai ƙarya tsagwaronta. Ga ƙwallo can ana bugawa."

"Ƙwallon da kake munshari tun ba a je hutun rabin lokaci ba?" in ji Malama daga kujerar kusa da taga. Rimot na kan cinyarta, ta danne shi da hannu.

Shekara biyu ke nan suna haɗuwa a ɗakin wankin ƙoda, sau uku a mako, awa hurhuɗu. Ita ta koyar da kimiyya a sakandare har ta yi ritaya, shi kuma ya ja babbar mota har ƙafafunsa suka fara kumbura. Ba su taɓa yin baki ɗaya a kan tasha ba.

A fim ɗin, mutum biyar ne cikin kumbo, sun ɓace hanya, iskar shaƙarsu tana ƙarewa.

"Ni dai ki gaya mini, duk faɗin duniyar nan me ya kai su? Ba tasha, ba mai faci. In taya ta fashe fa?"

"Kumbo ba shi da taya, Direba."

"To kin ji. Abin da ba taya ai ba abin hawa ba ne."

Da a da ne, sai ta yi dariya ta shiga yi masa darasi har ya ce ya tuba. Yau murmushi kawai ta yi. Sai a lokacin ya lura babban ɗanta, wanda kullum yake sauke ta ya wuce ofis, yana zaune a benci bakin ƙofa, kansa a sunkuye.

"Ranar Alhamis ba zan zo ba," ta ce, idonta a kan talabijin.

"Tafiya za ku yi?"

"Na daina ne. Jijiyoyin hannuna sun ƙare. Likita ya ce a sa mini bututu a wuya, na ce a bar ni haka. Na gaji. Yara sun yi kukansu, sun haƙura."

Duk wanda ya zauna a kujerun nan ya san kwanakin da ke rage wa mutum idan ya daina wankin. Ba su cika wuce mako biyu ba.

"Haba Malama, ai ba a..."

"Kada ka yi mini wa'azi. Kalli fim."

Direba ya maida ido kan talabijin. Ba ka jin komai sai gurnanin injina. Ana tsakiyar rigima a kumbon, injinta ya yi ƙara alamar lokaci ya cika. Nas ta zare allurai, ta daɗe tana danne mata hannu da auduga, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Ɗan ya shigo da keken marasa lafiya. Da suka zo daidai kujerarsa, Malama ta sa aka tsaya.

"Ka yafe mini. Shekara biyu na hana ka ƙwallo."

"Ba ki yi mini komai ba. Ni ma ki yafe mini surutuna."

"Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya so ya miƙe ya raka ta ko zuwa ƙofa, amma saura awa biyu a cire masa nasa bututun.

Mai shara ta goge kujerar, ta canza zanin. Ba a yi minti goma ba aka shigo da wani magidanci, ranarsa ta farko, yana kallon injin yana haɗiyar yawu. Da nas ta ɗauko allura sai ya kawar da kai zuwa bango.

"Baba, me ake nunawa?" ya tambayi Direba.

Direba ya goge fuska da bayan hannu, ya yi gyaran murya.

"Wasu bayin Allah ne suka tafi sama. Kai dai kada ka dubi allurar, dube ni. Bari in faro maka daga farko."