Sarkin da ke Cikin Tsumman Sanda

A Gozaki, zamanin da wuri ne kuɗi, an yi wani tsohon falke wai shi Sanda. Ciwon gwiwa ya zaunar da shi, amma bakinsa bai daina fatauci ba. Abin taƙamarsa ɗaya ne tak: wata 'yar azurfa siririya, karkatacciya, da ya samo wurin Larabawa a Kano, yana ajiye ta ƙulle a tsumma. A jikinta akwai fuskar wani mutum da wani abu a ka. Sanda ya rantse Sarkin Ingila ne, kuma da guduma aka buga shi tun kaka da kakanni.

Maƙwabcinsa Ummaru majemi bai taɓa yarda ba. "Wane sarki? Wannan ai biri ne ya kifa akushi!"

Maganar nan tana cin Sanda ƙwarai. Da ya ji Abdussamad, wani Balaraben Gadamas da ya san kuɗin Nasara, zai yada zango ran kasuwa, sai ya gayyato unguwa kaf a zo a ji sunan sarkin, Ummaru ya sha kunya.

Matarsa Sabuwa ta ji labari. Haba, babban baƙo guda a nuna masa abu a karkace, duk dauɗa? Ba a gidanta ba! Sanda na fita masallaci ta kwance tsumman, sai wurin maƙerin fari.

Maƙeri ya juya ta ya yi tsaki. "Maƙeran Nasara ragwaye ne, wallahi. Ko ƙarasa aikin ba su yi ba." Ya ɗora ta bisa uwar maƙera ya daddale, ya bi da zarto, ya wanke da tsamiya da toka. Sabuwa ta mayar da ita cikin tsumman, ta ƙulle yadda take.

Ran kasuwa zaure ya cika maƙil. Sanda ya gyara rawani, ya miƙa ƙullin da hannu biyu. Abdussamad ya kwance, ya duba gaba, ya duba baya.

"Azurfa ce mai kyau. Ina sarkin?"

Sanda ya yi wuf ya matso. Ya fizge ta ya kai ido: sumul, sai ƙyalli, sai tasa fuskar kamar a madubi, da baki buɗe.

Ummaru ya leƙo ta kafaɗarsa. "Af, ga shi nan kuwa. Har ya sake rawani."

Daga bayan zana Sabuwa ta ɗago murya, cike da jin daɗi: "Malam, ta yi kyau ko?"