Sati Ukun Mai Kwalabe

"Sati uku kawai na ce ku jira!" in ji Mai Kwalabe.

"Kai da ko iyo ba ka iya ba, kai za ka koya mana ciyawar teku?" Shugabar mata masu noman ciyawar ce, hannu a ƙugu. "Baba, ka ji da tarinka."

Ta katanga nake jin su. Tun da na gama sakandare, zama ne aikina.

Mai Kwalabe maƙwabcinmu ne. A ɗakin gwaji ya tsufa yana wankin kwalabe, ya yi ritaya da sauran ilimi a ka. Duk ruwan da ya sauka sai ya tara, ya ɗiga masa magani. Na farkon damina yakan yi fari kamar madara, na tsakiya kuwa garau. Ya ce gishirin farar wuta ne, wanda hayaƙin rani ya tara a sama. Har tokar ciyawar yake gwadawa, wata-wata. Hukuncinsa ɗaya: kada a ɗaura irin ciyawar a igiya sai sama ta wanke.

Shekara tara ana masa dariya. Har matarsa, Inna. Har ni.

Bana tarin ya kwantar da shi. Mata suka ɗaura igiyoyinsu a ruwan farko. Inna tana jinya, sai da wata ya kusa ƙarewa ta samu ta ɗaura nata.

Ciyawar kowa ta yi fari, ta ruɓe. Ta Inna, sai da mutum biyu suka ɗaga igiya ɗaya.

Ina ɗakinsa na je gaisuwa Inna ta shigo da runguma guda, ruwan gishiri na ɗiga a tabarma. Ya shafa, ya sinsina. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ba maganata kika ji ba. Jinya ce ta tsare ki."

"Ka yi gaskiya, to ka bar mutane su huta."

"A kira min Shugaba."

Ta zo. Ta daɗe tana juya ciyawar a hannu.

"Baba, mun ji kunya."

"Ƙara faɗa, kunnena ya yi nauyi."

Ta ƙara, da ƙarfi. Duk layin ya ji.

Kwana biyu ya ƙara a duniya. Ranar uku mata suka cika tsakar gidan, ƙafafunsu da yashi. Shugaba ta dubi Inna, ta dube ni.

"Cikinku wa ya koyi ɗiga maganin?"