Baba a Tsohon Masallaci

Da ƙyar ta sauko da Baba, mahaifinta, daga bas, jaka a kafaɗa, hannunsa a nata. Matar da ke zama da shi ta yi tafiya, ƙannenta kuwa kowa wayarsa a kashe, kamar sun haɗa baki. Dole ta taho da shi wurin aiki.

Aikinta zagayawa da baƙi ne a tsohuwar ganuwa da masallacin da ke cikinta, tana faɗa musu sunan kowane sashe har muryarta ta dushe. Duk a bakin Baba ta koya, don magini ne, a gyaran ginin nan ƙarfinsa ya ƙare. Yanzu mantuwa ta cinye shi, tun bara bai kira sunanta ba. Likita ya ce a riƙa kai shi inda ya saba, ko wani abu zai dawo. Ta gaji da sa rai, amma yau ma sai da ta sa.

Baƙi ba su iso ba tukuna. Suna shiga masallacin Baba ya zare hannunsa, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da bayan yatsa, ya kara kunne, yadda magina ke yi su ji ko ruwa ya ci cikinsa.

"Lafiyarsa ƙalau," in ji shi. Ya ɗaga kai. "Waccan lanƙwasar da ta ɗauki rufi fa?"

"Bakan gizo, Baba."

"Itacen da ke ciki?"

"Azara."

Haka yake yi mata tana ƙarama, tambaya kan tambaya. Ya ja ta waje, ya nuna ƙahon da ke kusurwar bango, ta ce zanko. Ya nuna inda ruwan sama ke zuba, ta ce indararo. Fuskarsa ta washe, har da dariya. Murna da tsoro suka kama ta a tare.

"Baba, ni fa? Wace ce ni?"

Ya dube ta da kyau, irin kallon da yake yi wa bango.

"Kin yi ƙoƙari, Malama. Amma ina da 'ya, ko makaranta ba ta shiga ba, ta fi ki sauri. Gobe zan zo miki da ita."

Motar baƙi ta tsaya a bakin ƙofa. Ta zaunar da shi a inuwa, ta gyara masa hula.

"To, Baba. Ka zo da ita."