Kwadon Hafizu

Ranar kasuwar Garin Tala 'yan bindiga suka zo, rana tsaka, goyon uku-uku a kan babura. Kafin masu awon wake su ɗaure bakin buhu har an zagaye kasuwar. Aka kora mata gida da bulala, aka gurfanar da maza a rairayi mai zafi, aka shimfiɗa tabarma aka ce kowa ya zube salularsa.

Hafizu na durƙushe a sahun gaba, gwiwoyinsa na soyuwa. Bai waiwaya ba, amma yana jin tarin Kawu Sabo a bayansa.

Ɗanmalam, jagoran 'yan bindigar, ya zauna a kan buhun gero, ya kwantar da bindiga a cinya.

"Jandarma sunka iske mu inda ko makiyayi bai sani ba," ya ce. "Sunka kashe min ƙane. Daga garin ga maganar ta hita. Ba ni tahiya sai da mai ita."

Hafizu ya san mai ita. Shi ne ma ya buɗe mata hanya.

Da ya dawo daga babbar lakol, wato jami'a, a Maradi ya tarar da garin bakinsa a ɗinke. Duk wanda ya kira jandarma, kafin Juma'a ta zagayo an tsinci gawarsa a gona. Sai ya kawo abin da suka haɗa da abokan karatunsa: kwado na lissafi. Kowa na iya rufe saƙo da shi, amma mabuɗin na can Maradi, a hannun jandarma. Ya yi wa Kawu Sabo bayani a gindin rumbu. Saƙon, in ji shi, ana watsa masa kurakurai da gangan, kamar a zuba tsakuwa cikin gero, mai mabuɗi kaɗai ya iya tsince ta. Har ya yi alfahari cewa ko ordinater kwantik, sabuwar kwamfutar da Turawa ke ta ƙerawa don fasa kwadunan yau, ba a san hanyar da za ta bi ta fasa wannan ba.

Matsala ɗaya, kwadon na da nauyi, rezon garin kuwa, wato sabis ɗin waya, ko hoto ba ya saukewa. Shi ya sa Hafizu ya kai wa Dogo mai cajin waya, ya ce ya riƙa zuba wa kowa a katin waya tare da waƙoƙi da wa'azi. Kowace waya ta riƙa tura saƙon banza a rufe, don mai saƙon gaske ya ɓace cikin taro. Kawu Sabo, wanda ya riƙe Hafizu tun rasuwar uwarsa, shi ne ya fara tura na gaske.

Yanzu ga Dogo an jawo shi da ƙafa, baki duk jini. Bai ko jira tambaya ba, ya miƙa yatsa.

"Shi ya ba ni! Wallahi ni waƙa nika saidawa!"

Aka ɗago Hafizu da wuyan riga. Ɗanmalam ya tura masa tarin wayoyin da ƙafa.

"Ɗan lakol, buɗe muna. Mu ga ta wa ta yi magana."

"Ranka ya daɗe, ba ta buɗuwa. Mabuɗin ba ya hannuna."

"Maƙeri ya ƙera kwado, ya ce bai iya buɗe shi?" Ya juya wajen yaransa. "Kun taɓa ji?"

Suka kwashe da dariya.

"Ko injin da ba a gama ƙerawa ba..."

"Ni nawa an gama ƙera shi."

Ya ɗaga bindigar da hannu ɗaya ya harbi Dogo a ciki. Dogo bai mutu nan take ba. Ya dinga juyi cikin rairayi yana kiran ruwa, ba wanda ya motsa.

"To bar buɗewa," in ji Ɗanmalam. "Suna nika so. In ba ka sani ba, sai in bi sahun ga ɗai-ɗai, har in kai gare shi."

Hafizu ya dubi sahun. Mahauta, masu amalanke, liman da carbinsa ya tsinke. Ya cije leɓe. Ya ƙudurta ko za a yanka shi sunan Kawu ba zai fita daga bakinsa ba.

"Ranka ya daɗe."

Muryar daga baya ta fito. Kawu Sabo ne ya ɗaga hannu, rawaninsa ya warware.

"Ɗan ƙanwata na, ni na yi renon shi, amma ba ni bari gari ya ƙare don mutum guda. Shi ya aika. A gindin rumbuna ya zamna ya rubuta, da idona na gani."

Hafizu ya waiwaya. Kawu bai sunkuyar da kai ba, hawaye ma yake yi, masu kyau, har suna ɗiga a gemu.

"Kawu?"

"Kak ka kira ni."

Abin da Hafizu ya ƙudurta ya narke.

"Ƙarya yake! Shi ne! Shi ya tura, ni na nuna masa yadda ake yi! Ga wayarsa can, mai ɗaurin roba!"

Sahun ya ɗauki salati. Wani tsoho ya tofar da yawu. "Wanda ya ciyar da kai? Allah wadai."

Ɗanmalam ya tsamo wayar mai roba, ya juya ta, ya ɗora ta a tafin hannun Hafizu a hankali.

"Na yarda a yi adalci. Nuna min. In maganar tsoho ce ciki, kai ka tahi gida."

Hafizu ya danna. Haruffa da lambobi suka cika fuskar wayar, birkice, daidai da na wayar liman, daidai da na kowa. Aikinsa bai bar ko ƙofar allura ba. Ya danna, ya sake dannawa, gumi na ɗiga a kan gilashin.

Ɗanmalam ya karɓe wayar, ya miƙa wa Kawu Sabo da hannu biyu.

"Baba, riƙe kayanka. Allah shi ba ka haƙuri."

Suka ɗaure hannuwan Hafizu da igiyar akuya, suka ƙulla ɗaya bakin a bayan babur. Mai tuƙin ya tayar, ya waiwayo ya tambaye shi ko an koya musu gudu a lakol.